Shaidar Wanda Ya Dawo Hannu Rabbana

A watan Fabrairun kowace shekara, birnin Harrisburg na jihar Pennsylvania a Amurka yakan cika ya batse saboda wani baje kolin kayan farauta da kamun kifi da ake kwana tara ana yi. A cikin zaurukan akwai sashen da ba bindiga ko takalmi ake sayarwa ba. Ɗaruruwan rumfuna ne na mutanen da sana'arsu ita ce kai baƙo daji ya yi farauta. Adon rumfunan kusan iri ɗaya ne: kawunan barewa rataye a bango da ƙahoni masu rassa, ga hotuna jere, kowanne da mutum a durƙushe ya riƙe ƙaho yana washe baki. A nan idon sabon shiga yake tsayawa, ya yi ta kai da komowa yana gwada wane ƙaho ya fi wane.

Tsofaffin hannu kuwa ba su cika ɓata lokaci a kan hotunan ba. Shawarar da suke ba juna ɗaya ce, kuma ta shahara a tsakaninsu: ka ce wa mai rumfar ya ba ka lambar wayar mutanen da suka zo wurinsa bara suka koma gida ba su harbi komai ba. Abin da ɗaure kai. Mutum zai zuba kuɗi don ya samu, amma bakin wanda bai samu ba yake son ji. Me wanda ya dawo hannu rabbana ya sani, wanda mai hoto da ƙaho bai sani ba?

Dabbar da ake wannan hidima a kanta ita ce barewa mai farar wutsiya. Ana samunta tun daga kudancin Kanada, ta ratsa Amurka da Meziko har ƙasar Peru. Jikinta jaja-jaja ne a lokacin zafi, ya koma ruwan toka a lokacin sanyi, amma ƙarƙashin wutsiyarta fari ne fat. In ta tsorata sai ta ɗaga wutsiyar ta zura da gudu, kuma sau da yawa wannan farin shi ne iyakar abin da maharbi zai gani. Wajen shekarar 1900 an kusa ƙarar da ita a Amurka, domin masu farautar kasuwa sun yi ta karkashe ta har ƙiyasi ya nuna abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba. Dokar Lacey ta 1900 ta hana ƙetara iyakar jiha da naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 kuma ta sa harajin bindigogi da harsasai ya koma aikin kula da namun daji. Yau ana ƙiyasta barewar ta kai miliyan 30.

Yawanta bai sa samun babban namiji, wato kishimi mai cikakken ƙaho, ya zama abu mai sauƙi ba. Mafi yawan wuraren da irinsa yake kiwo gonakin mutane ne. A jihar Texas fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙasa mallakar ɗaiɗaikun mutane ce, ba mai shiga sai da izini. A jihar Iowa baƙo daga wata jiha sai ya shiga ƙuri'a kafin ya sami lasisi, mai kwari da baka ma yakan yi shekaru yana tara maki kafin sunansa ya fito. A lardin Saskatchewan na Kanada doka ce ta ce ɗan wata ƙasa ba zai farauci barewar ba sai ta hannun mai shirya farauta da hukuma ta ba lasisi. Daga nan sana'ar ta samo gindin zama. Mai ita yakan karɓi hayar gonaki da kurmi daga manoma, ya tanadi masauki da abinci, ya ɗauki 'yan jagora, ya ɗaɗɗaura kujerun ƙarfe a saman bishiyoyi inda maharbi zai yi kwanto. Baƙo yakan biya dubban daloli don kwana biyar ko shida, kuma galibi rabin kuɗin tun watanni kafin zuwansa yake bayarwa a matsayin kafin alƙalami.

To, me baƙon ya saya ke nan? In an ce barewa ya saya, an yi cinikin biri a sama, domin barewar ba a hannun mai sayarwa take ba.

A dubi yadda aka halicce ta. Hancinta ya fi idonta da kunnenta aiki. Warin mutum in iska ta kwaso shi, tana jinsa daga nesa mai yawa, ta juya ta bar wurin ba tare da maharbin ya san ta zo ba. Kishimin da ya kai shekara biyar ya tsallake kakar farauta biyar ke nan, ya san ƙarar ƙofar mota, ya san sawun takalmi, ya mayar da yawancin yawonsa cikin dare. Lokaci ɗaya ne a shekara yake sakin jiki, shi ne lokacin barbara, wanda a arewacin Amurka da Kanada yake faɗowa cikin Nuwamba. Wuyansa ya kumbura, ya rage cin abinci, ya riƙa goga ƙaho a jikin ƙananan itatuwa har ɓawonsu ya saɓule, ya tona ƙasa da kofato a ƙarƙashin reshe ya bar warinsa, ya bi mata har da rana tsaka. Abin da ke tayar da wannan yanayi gajartar yini ce. Hasken rana yana raguwa, jikin dabbar yana amsawa. Macen za ta ɗauki ciki na kimanin kwana 200, ta haihu a ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, daidai lokacin da ciyawa ta yi kore kuma sanyi ya wuce. Tsari ne da aka gama shi tun kafin a ƙera bindiga, kuma ba a nemi shawarar kowa ba. Ko a cikin Nuwamban ma, in aka yi rashin sa'a zafi ya sauko a makon da baƙo ya biya, barewar sai ta lafe a cikin sarƙaƙiya da rana, ta fito bayan duhu ya yi, lokacin da doka ta hana harbi.

Littattafan tarihin farautar ma sun nuna haka. Ƙungiyar Boone and Crockett, wadda Theodore Roosevelt da abokansa suka kafa a 1887, ita ke ajiye kundin manyan ƙahoni. Ana auna tsawon kowane reshe da kaurin ƙaho da faɗin tsakaninsa da inci, bayan an bar shi ya bushe kwana 60. Ƙaho mai daidaitattun rassa da ya fi kowanne maki, 213 da 5/8, wani manomi ne mai suna Milo Hanson ya same shi a watan Nuwamban 1993 kusa da garin Biggar na Saskatchewan, shi da maƙwabtansa, a yankin da yake noma. Wanda ya fi kowanne a cikin masu cukurkuɗaɗɗun rassa kuwa, mai maki 333 da 7/8, babu ma wanda ya harbe shi. A mace aka tsinci kishimin a jihar Missouri a 1981. Masu kuɗi sun yi ta hawa jirgi suna neman irinsu, amma na farko ya faɗo wa manomi a kusa da gonarsa, na biyu kuma ya ƙare kwanansa bai zama rabon kowa ba.

Saboda haka duk mai shirya farautar da ya bugi ƙirji ya ce kowa ya zo wurinsa tabbas zai koma da babban ƙaho, ɗayan biyu ne: ko akwai shinge, ko akwai ƙarya. Shingen na waya ne mai tsayin ƙafa takwas, wanda da wuya barewa ta iya tsallakewa. A wasu wuraren filin da aka kewaye yana da dubban eka, dabbar tana da wurin ɓuya sosai. A wasu kuwa kiwata barewar ake yi a garke, a zaɓo iri, a ɗura mata abinci, sannan a sake ta a ɗan fili, a yanka wa baƙo farashi gwargwadon incin ƙahonta. Doka ta yarda da wannan a jihohi da dama, amma Boone and Crockett ba ta shigar da irin wannan ƙaho a kundinta, domin ƙa'idarta ita ce dabba ta kasance tana da hanyar tsira. Wanda ya faɗa wa baƙo tun farko cewa akwai shinge ya fita haƙƙinsa. Matsalar tana ga wanda ya ɓoye.

Ƙaryar kuma ba kasafai take zuwa tsirara ba. Da lissafi take zuwa. Za a ce kashi 90 cikin 100 na baƙinmu sun sami dama, ba a ce sun samu ba, kuma mai wurin ne yake yanke abin da ake kira dama, ko da wutsiya ce aka hango tana shigewa daji. Za a nuna hoton da ya shekara goma kamar na bara. Za a nuna kishimin da kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya ta ɗauka da ƙarfe biyun dare, alhali babu ɗan Adam da ya taɓa ganinsa da rana.

In an cire abin da ba na mai sana'ar ba ne, sai a ga abin da ya rage a hannunsa, kuma ba kaɗan ba ne. Eka nawa yake da su, mutum nawa yake saukewa a mako, mako nawa yake yi a jere? Kurmin da aka yi wa sintiri mako shida ba hutu, barewar cikinsa ta gama haddace inda kowace kujera take. Ɗan jagora ɗaya baƙi nawa yake kula da su? Me kuɗin ya ƙunsa, me bai ƙunsa ba: lasisi, fiɗa, ɗauko baƙo daga filin jirgi, tukuicin ɗan jagora? In an raunata dabba ba a same ta ba, mene ne hukunci? A wurare da yawa, da zarar jini ya zuba to farautar mutum ta ƙare. Duk waɗannan ana iya rubuta su a takarda a sa hannu, domin suna cikin ikon mutum.

Akwai kuma abin da takarda ba ta ɗauka. A ce ƙarfe huɗu ne na asuba, sanyi yana ratsa ƙashi, raɓa ta daskare a gilashin mota. Jiya an yi wa baƙo alkawarin kujerar da ke bakin gonar masara, inda aka ga babban sawu. Ɗan jagora ya fito ya matsa 'yar kwalbar hoda a iska, ya haska tocila, ya ga farin ƙurar ta karkata zuwa kurmin da barewar take kwana. Iska ta juya cikin dare. In ya kai baƙon can, baƙon zai ji daɗi an cika masa alkawari, zai yini a sama bai ga komai ba, kuma ba zai taɓa sanin dalili ba. In ya canza masa wuri, zai sha ƙorafi, ga ƙarin tafiyar rabin awa a ƙafa cikin duhu ta bayan tudu don kada warinsu ya shiga kurmin. Babu mai ganinsa, babu mai tuhumarsa. A wannan ɗan lokaci ake bambanta ɗan jagora na ƙwarai da mai neman yini ya wuce.

Shi kansa ƙahon da ake rububi a kai shaida ne a kan halin mai wurin. Ƙahon wannan barewa ba irin na rago ba ne da ke zama har mutuwa. Ƙashi ne da ke faɗuwa duk shekara a ƙarshen sanyi, tsakanin Janairu da Maris. Sabo ya tsiro a gurbinsa, lulluɓe da wata fata mai laushi cike da jijiyoyin jini, yana girma da saurin da ƙashi kaɗan ne a duniya yake kamo shi. Zuwa Satumba ya yi tauri, fatar ta bushe, kishimin ya goge ta a itace. Ɗan shekara ɗaya da rabi 'yan ƙananan rassa gare shi. Jikinsa ne yake fara cinye abincin don gina ƙashi da tsoka, sai ya kai shekara biyar ko shida ƙahon yake kai ƙarshen girmansa. Ashe kowane babban ƙaho da ke rataye a bango yana nufin an ga mai shi yana ƙarami sau da yawa aka ƙyale shi. Wani ɗan jagora ya taɓa ce wa baƙon da ya biya kuɗi, a yammacin ranarsa ta ƙarshe, yatsansa a kan kunamar bindiga: wannan yaro ne, a bar shi. Mai wurin da ba ya iya faɗin haka, don kowa ya koma da hoto, zai yi shekara biyu ko uku yana cika baki, daga nan kurminsa ya zama na yara zalla.

Yanzu amsar tambayar farko ta fito fili. Wanda ya sami babban ƙaho ba shaida ba ne mai ƙarfi, domin murna tana rufe ido. Ko abinci ya yi sanyi, ko ɗan jagora ya makara, ko an cusa mutum goma a kurmin mutum huɗu, duk ya yafe, ya ma manta. Wataƙila sa'a ce kawai ta kawo dabbar gabansa, amma zai rantse gwanintar mai wurin ce. Wanda ya kwana biyar a saman bishiya yana rawar ɗari bai harba ba, shi ba abin da ya rufe masa ido. Ya san ko an duba iska. Ya san ko an sauya masa wuri da aka ga shiru, ko an yasar da shi an koma wajen baƙon da ya fi sakin hannu. Ya san ko fuskar mai gida ta canza a rana ta huɗu. Ya san ko abin da aka faɗa masa a waya shi ya tarar. In irin wannan mutum ya ce zai koma baɗi da kuɗinsa, maganarsa ta fi hotuna ɗari nauyi. Mai wurin da ya yi ta kame-kame da aka nemi lambarsa, shi ma ya ba da amsa.

Abin lura a nan ya wuce dajin Amurka. Yawancin abin da mutane ke nema a hannun juna irin wannan ciniki ne: rabinsa aikin mutum, rabinsa hukuncin Allah. Likita yana da ilimi da kulawa da gaskiya, amma waraka ba tasa ba ce. Malami yana da koyarwa, buɗin ƙwaƙwalwa ba nasa ba ne. Lauya yana da hujja, hukunci na alƙali ne. Mai juya dukiyar wani yana da himma da riƙon amana, kasuwa kuwa ba ta da ubangida. Amma da an tashi zaɓe, sai a nufi bangon hotuna. Wa ya warke a hannunsa, ɗan wa ya ci jarrabawa, wa ya yi kuɗi ta dalilinsa? Ba a cika zuwa wurin iyalan majinyacin da ya rasu a tambaye su yadda likitan ya riƙe su ba, ko ya faɗa musu gaskiya, ko ya ci gaba da leƙowa bayan ya san babu sauran dabara. Ba a tambayar uban yaron da ya faɗi jarrabawa ko malamin ya jawo ɗansa a jiki ko ya tura shi bayan aji. Ba a tambayar wanda shari'a ta kayar ko an saurare shi. Ba a tambayar unguwar da ba ta zaɓi shugaba ba ko aiki ya iso ta. Mai neman auren bazawari ma da wuya ya nemi jin ta bakin wadda aka rabu da ita, ko an sallame ta da mutunci. Alhali waɗannan su ne suka ga mutumin a ranar da babu riba a kyautata musu.

Laifin ma ba na masu cika baki ba ne su kaɗai. Mai saye yana da nasa kason. Zuciya tana son tabbaci, ko da na bogi ne. A jera mutum biyu, ɗaya ya ce zan yi iyakar ƙoƙarina amma ba na yi maka alkawarin abin da ba nawa ba, ɗayan ya ce rufe idonka an gama, sai a ga layi ya miƙe a gaban na biyun. Haka ake koya wa masu gaskiya cewa gaskiya ba ta ciyar da gida, har wasu su gaji su gina nasu shingen. Masu damfarar da ke cewa kawo dubu goma ka karɓi dubu ashirin a wata ɗaya ba su ƙirƙiro kwaɗayin ba, tarar da shi suka yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa mutane da yawa sun riga sun zuba kafin alƙalami.

Shi ma baƙon ba a ɗauke masa nasa aikin ba. 'Yan jagora sukan sa shi ya gwada bindigarsa a kan allo ranar da ya sauka, domin da yawa sukan yi ƙarin gishiri a kan iya harbinsu. Wanda ya kasa zama shiru, ya yi ta latsa waya, ya sauko tun hantsi don sanyi ya dame shi, in ya koma gida yana zagin mai wurin ya yi zalunci. Shi ya sa mai hankali ba ya tsayawa a kan bakin mutum ɗaya. Yakan kira uku ko huɗu, ya kuma saurari yadda kowannensu yake ba da labarin kansa. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma ba duk wanda ya yi gudu ne yake cin zomo ba, kuma mutumin kirki yakan san wannan ko a ranar da tukunyarsa ba ta hau wuta ba.

Rarrabe waɗannan abubuwa biyu, abin da aka ɗora wa bawa da abin da Ubangiji ya riƙe a hannunSa, shi ne ginshiƙin amana. Wanda ya sayar da rabo kamar kayansa ya yi ƙarya. Wanda kuma ya yi sakaci da aikinsa sannan ya fake da cewa haka Allah Ya so, shi ma ya yi ƙarya, tasa ma ta fi muni, domin ya jingina lalacinsa ga ƙaddara. Na ƙwarai yana tsakani: ya tashi da asuba, ya duba iska, ya faɗi gaskiyar abin da yake da shi, ya bar sauran ga Mai shi.

Don haka, mai karatu, kafin ka damƙa wa wani lafiyarka, ko ɗanka, ko dukiyarka, ko ƙuri'arka, nemi wanda ya je wurinsa bai dace ba, ka ji ta bakinsa. Kai ma kuma akwai waɗanda suka zo ƙofarka da buƙata suka koma ba ta biya ba. Ka riƙe su yadda in an nemi lambarsu za ka bayar ba tare da gabanka ya faɗi ba.